Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Yadda Ake Gane Irin Dogon Yaro Mai Rai

Daga Wakilinmu

Kowace shekara idan damina ta kankama, akan ga manyan ma'aikata da hakimai da 'yan makaranta sun hallara a filin dashen itatuwa, kowa da ɗan tsironsa a hannu, a dasa, a ba shi ruwa, a ɗauki hoto, a watse. Abin da akasarin jama'a ba su gani shi ne aikin da aka yi watanni kafin wannan rana a lambun reno, inda leburori suke cika dubban ledoji da ƙasa da taki, su jera su layi-layi, su saka ƙwayar iri a cikin kowace, sa'an nan su dinga ban ruwa safe da yamma. A can ne ake cin nasarar dashen shekara, a can kuma ake yin hasararsa.

Duk malamin dajin da ya daɗe a bakin aiki ya san wannan baƙin ciki. An shuka irin dogon yaro, an yi mako biyu, an yi uku, an shiga na huɗu, amma ledojin suna nan fayau, sai ɗaiɗaiku da suka leƙo. Daga nan sai a shiga neman mai laifi. Wani ya ce ruwan rijiyar ne ke da kanwa, wani ya ce gara ce, wani ya ɗora wa leburori. Sau da yawa kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Irin ne ya mutu tun yana cikin buhu, aka yi ta shayar da gawa. Kafin a farga a nemo wani iri a sāke shuka, lokaci ya ƙure, tsiron ba zai isa dashe ba sai ruwa ya ɗauke, shekara guda ke nan ta tafi a banza.

Irin dogon yaro matacce da mai rai kamarsu ɗaya a ido, domin ɓawon waje ba ya nuna abin da ke ciki. Amma akwai hanyoyin ganewa, waɗansu sai a ɗakin bincike, waɗansu kuwa ko a tsakar gida ana iya yin su da wuƙa da yashi da ƙwarya.

Baƙon da ya zama ɗan gari

Dogon yaro, wanda waɗansu ke kira darbejiya, ko bedi, ko maina, asalinsa daga ƙasar Indiya da Bama yake, masana tsirrai kuma suna kiransa Azadirachta indica. A shekarar 1928 aka shigo da shi Nijeriya daga ƙasar da a yanzu ake kira Ghana, aka fara dasa shi a Lardin Barno, daga nan aka yaɗa shi zuwa lardunan Sakkwato da Katsina da Kano cikin shekarun 1930. Yau da wuya a sami gari a Arewa da babu inuwarsa a kasuwa ko a ƙofar masallaci. A Jamhuriyar Nijar, tun daga 1975 aka fara jera shi sahu biyu-biyu a kwarin Majiya, cikin yankin Tawa, domin ya kare gonakin gero daga iska, har shingen ya kai ɗaruruwan kilomita. Alhazanmu ma sun san shi a filin Arfa, inda aka dasa kimanin guda 50,000 don mahajjata su sami inuwa.

Ta fuskar magani kuwa, ba sai an gaya wa Bahaushe ba. Ana dafa ganyensa a sha ko a yi surace saboda zazzaɓi, ana wanke ƙuraje da ruwansa, ana yin asuwaki da reshensa, ana kuma zuba ganyen a rumbu don korar ƙwari. Masana kimiyya sun bi sawun wannan ilmi. A shekarar 1959 wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan, ya lura cewa farin dango sun cinye kusan kowane ganye amma sun bar na dogon yaro. A 1968 waɗansu masana biyu a Jami'ar Keele ta Ingila, Butterworth da Morgan, suka ware sinadarin da ke hana ƙwari ci, wanda aka sa wa suna azadiraktin. Wannan sinadari a cikin ƙwayar iri ya fi yawa. Ke nan ƙwayar dogon yaro tana da daraja biyu: ita ce mafarin sabuwar bishiya, ita ce kuma ma'ajiyar mai da maganin ƙwari. Ta kowace fuska aka dube ta, ingancinta abin kula ne.

Uwa mai ƙarfi, ɗa mai rauni

Abin mamaki a nan shi ne, bishiyar da ke jure fari da zafin bazara, take tsayawa kore shar lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, ita ce ke haifar iri mai saurin mutuwa. Idan aka tsince shi sabo aka shuka, yakan tsiro cikin mako ɗaya zuwa uku, kuma galibi kashi 75 zuwa 90 cikin 100 sukan fito. In kuwa aka zuba shi a buhu aka jingine a ɗakin ajiya kamar yadda ake yi wa gero, cikin 'yan makonni ƙarfinsa zai fara raguwa, bayan 'yan watanni kuma sai a tarar mafi yawansa ya mutu.

Don a fahimci dalili, tilas a san cewa ƙwayar iri halitta ce mai rai, tana numfashi a hankali, tana cin guzurin da ke cikinta. Zafi da laima suna hanzarta wannan numfashi har guzurin ya ƙare, sassan jikinta su lalace. Wani masani Ba'amurke, J. F. Harrington, ya bar wa masu ajiyar iri ƙa'ida mai sauƙi: ga yawancin iri, duk lokacin da aka rage laimar cikinsa da kashi ɗaya cikin 100, tsawon ransa yakan ninka, haka nan kuma idan aka rage zafin wurin ajiya da kimanin digiri 5 a ma'aunin santigired. Wannan ne ya sa manyan rumbunan iri na duniya, kamar wanda aka buɗe a tsibiran Svalbard na ƙasar Norway a 2008, suke adana busasshen iri cikin sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri. Bushewar wuri ce kuma ta sa ƙwallon dabino da aka haƙo daga kufan Masada, kusa da Bahar Lut, ya tsiro a shekarar 2005 bayan ya kwanta kusan shekara 2,000.

Sai dai ba kowane iri ke bin wannan ƙa'ida ba. A 1973 Farfesa E. H. Roberts na Jami'ar Reading a Ingila ya kasa iri gida biyu. Kashi na farko su ne masu jure bushewa, irin su gero da dawa da wake da kuɓewa. Kashi na biyu su ne waɗanda bushewa ke kashewa, kamar goro da mangwaro da koko da kaɗanya. Fataken goro sun san halin wannan kashi tun kafin Turawa su rubuta shi, shi ya sa suke naɗe goro da ganye cikin huhu, suna yayyafa masa ruwa a hanya. A 1990 kuma Roberts da abokan aikinsa, Ellis da Hong, suka ƙara kashi na uku na tsaka-tsaki, bayan binciken da suka yi a kan irin gahawa: yana jure bushewa zuwa wani matsayi, amma sanyi na cutar da shi.

To, a wane gida dogon yaro yake? Shekaru da yawa masana suna jayayya a kan haka. Waɗansu suka sa shi tare da goro, waɗansu suka ce ɗan tsaka-tsaki ne, waɗansu kuma suka ce yana jure bushewa sarai. Matsalar ta fito fili lokacin da aka kafa ƙungiyar ƙasashe masu binciken dogon yaro a 1994, ƙarƙashin kulawar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Da aka zo musayar iri tsakanin ƙasashen Asiya da na Afirka, sai da aka yi ta gaggawar aika shi da zarar an tsince, don gudun kada ya mutu a hanya.

Abin da aka gano a maƙwabta

Haske mai yawa a kan wannan jayayya ya fito ne daga Afirka ta Yamma. Wani masani ɗan Burkina Faso, Moctar Sacandé, na cibiyar irin itatuwa ta ƙasar da ke Wagadugu, ya yi bincike mai zurfi tare da masanan Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, inda ya kammala digirinsa na uku a kan irin dogon yaro a shekarar 2000. Abubuwa uku da binciken ya nuna sun cancanci a rubuta su a bangon kowane lambun reno.

Na farko, irin da aka ciro daga 'ya'yan da suka nuna sosai, suka koma ruwan ɗorawa, ya fi daɗewa da rai bisa ga wanda aka ciro daga ɗanyu kore ko waɗanda suka wuce nuna suka yi duhu.

Na biyu, idan irin yana da sauran laima a jikinsa, watau kashi 10 cikin 100 ko fiye, sanyin da ya gaza kimanin digiri 10 yana yi masa illa. Ma'ana, mutumin da ya ɗauki sabon iri ya saka a firji da niyyar adana shi, kashe shi ya yi da hannunsa.

Na uku, wanda ya fi ban mamaki, irin da aka busar sosai, laimarsa ta sauka ƙasa da kashi 8 cikin 100, yana iya jure ajiya har shekara biyu da sauran rai a cikin kaso mai kyau daga cikinsa. Haɗarinsa yana wajen farkawa. Kowane ƙwayar halitta a jikin irin tana da wata 'yar tantani da ta kewaye ta. Idan iri ya bushe, tantanin yakan sandare. In ruwa mai sanyi ya kwararo masa farat ɗaya yana cikin wannan hali, sai ya tsattsage, abin da ke ciki ya zube, irin ya mutu nan take. Amma idan aka jiƙa shi na 'yan awoyi cikin ruwa mai ɗumin kimanin digiri 35, watau kusan ɗumin jikin mutum, tantanin yakan yi laushi kafin ruwan ya ratsa, irin ya tsira.

Wannan ya nuna cewa da yawa daga cikin irin da ake cewa ya mutu a ajiya, a ranar shuka aka kashe shi. Abin lura ne ƙwarai ga masu reno a ƙasarmu, inda sanyin asuba a lokacin hunturu yakan sauko kusa da digiri 10 a waɗansu wurare, ruwan da ya kwana a randa ko a tanki kuma ya yi sanyi ƙarara.

Yadda ake gwaji a ɗakin bincike

Gwajin iri ba sabon ilmi ba ne. Farfesa Friedrich Nobbe ne ya buɗe ɗakin gwajin iri na farko a garin Tharandt na ƙasar Jamus a 1869, saboda yawan algus da ya gani a kasuwar iri ta zamaninsa. A 1924 aka kafa Ƙungiyar Gwajin Iri ta Duniya, wadda ke tsara ƙa'idojin da ɗakunan gwaji suke bi, domin sakamakon da aka samu a wata ƙasa ya zama abin dogara a wata.

Matakin farko shi ne ɗibar samfur. Ba a ɗiba daga bakin buhu kurum, gama mai sayarwa yakan ɗora mai kyau a sama, laima kuma takan taru a ƙasa. Ana ɗiba daga sama da tsakiya da gindi, daga buhuna daban-daban, a haɗa, a cuɗa, sa'an nan a ware abin da za a gwada. In samfurin bai wakilci buhun ba, duk abin da ya biyo baya aikin banza ne.

Na biyu shi ne gwajin tsabta. Ana auna samfurin a sikeli, a baje shi, a ware iri na gaskiya gefe guda, a ware tsakuwa da ƙasa da ɓawo da irin waɗansu tsirrai, a sāke auna kowane. Wanda ya sayi kilo goma alhali kilo ɗaya ƙasa ce, ya san kilo tara ya saya.

Na uku shi ne auna laima. Ana daddatsa iri, a auna nauyinsa, a saka a tanderun lantarki mai zafin digiri 103 har awa 17, a fitar a sāke aunawa. Abin da ya ragu daga nauyin shi ne ruwan da ke ciki. Alal misali, in giram 10 ya koma giram 9.1, laimar irin kashi 9 ce cikin 100. Ga dogon yaro, wannan lamba ita ke nuna ko irin zai jure sanyi, da kuma ko yana bukatar ruwan ɗumi kafin shuka.

Na huɗu, wanda shi ne uban gwaji, shi ne gwajin tsiro. Bisa ƙa'ida ana ƙirga ƙwaya 400 ba tare da zaɓe ba, a kasa su kashi huɗu, ɗari-ɗari, a shuka cikin yashi mai tsabta ko tsakanin takardu masu laima, a ajiye a wuri mai ɗumi. Ana ƙirga waɗanda suka tsiro lokaci-lokaci har wa'adi ya cika. Ba duk wanda ya fasa ake lissafawa ba, sai wanda ya fito da saiwa da kara lafiyayyu, domin tsiron da ya fito a murɗe ko babu saiwa ba zai zama bishiya ba. Dalilin kasawa huɗu kuwa shi ne a gane ko an yi kuskure: in kashi uku suka ba da 70 da 72 da 68, na huɗu ya ba da 30, to akwai abin da ya sami wannan faranti, sai a sāke gwajin.

Ja alamar rai

Aibin gwajin tsiro ɗaya ne, yana cin lokaci. Ga iri mai gajeren rai kamar dogon yaro, kafin a cika mako uku ana jiran sakamako, irin da ke cikin buhu ya ƙara raguwa. Saboda haka masana suke amfani da wata hanya mai sauri da wani Bajamushe, Georg Lakon, ya fito da ita a farkon shekarun 1940, watau gwajin tetrazoliyam.

Tetrazoliyam wani gishiri ne da ake narkawa a ruwa, galibi kashi ɗaya cikin 100, ruwan kuma ba shi da launi. Ana fasa ɓawon iri, a jiƙa ƙwayar ciki ta yi laushi, a tsaga ta, a tsoma cikin ruwan maganin, a ajiye a wuri mai duhu da ɗumi na waɗansu awoyi. Duk sashen da ke da rai yana numfashi, numfashin nan kuma shi ke juyar da maganin ya koma ja. Sashen da ya mutu yana nan yadda yake, bai rinu ba. Cikin kwana ɗaya ko biyu an san matsayin buhu.

Amma karanta sakamakon yana son gwaninta. Ba yawan jan ake dubawa ba, wurin da ya rinu ake dubawa. Ƙwayar dogon yaro ɓari biyu ce, a tsakaninsu daga ƙarshe akwai ɗan ƙanƙanen ido wanda shi ne zai zama saiwa da kara. In ɓarin biyu sun yi ja amma idon bai rinu ba, wannan iri ba zai tsiro ba. Haka kuma gwajin ba ya nuna fumfunar da ke maƙale a jikin iri, wadda za ta iya kashe tsiron bayan ya fito. Don haka akan ɗauke shi a matsayin manuniya ta gaggawa, gwajin tsiro kuma ya tabbatar.

Akwai wani amfani na wannan gwaji da ya shafi sauran itatuwan maganinmu. Irin bagaruwa da gawo da kuka suna da ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya ratsawa, sukan yi watanni a ƙasa ba su tsiro ba alhali suna da rai. Barci suke yi. Gwajin tsiro kaɗai zai sa a yi musu hukuncin matattu, tetrazoliyam kuwa zai nuna suna raye. Irin waɗannan akan karce ɓawonsu ko a zuba musu ruwan zafi don su farka, a daji kuma cikin awaki da shanu ne ke yi musu wannan aiki. Kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne ɗaukar maganin bagaruwa a yi wa dogon yaro. Shi ba ya irin wannan barci, tafasasshen ruwa dafa shi zai yi.

Gwaji a tsakar gida

Manomi ko mai ƙaramin lambu da ba shi da ɗakin bincike yana da hanyoyi biyu da za su ishe shi.

Ta farko ita ce tsagawa. A ɗebi ƙwaya 50 ko 100 daga wurare daban-daban na buhu, a fasa ɓawon a hankali, a tsaga ƙwayar ciki da wuƙa. Sabon iri lafiyayye cikinsa kore ne, a cike, da tauri. Wanda ya koma ruwan ƙasa, ko ya yamushe, ko ya yi laushi, ko yake warin tsohon mai, da wuya ya tsiro. A ƙirga masu kyau. Wannan aikin rabin awa ne, ana iya yin sa a gaban mai sayarwa kafin a biya kuɗi.

Ta biyu ita ce shukar gwaji. A sami tasa ko kwando mai huji a ƙasa, a cika da yashin rafi da aka wanke, a shuka ƙwaya 100 cikin layi huɗu, 25 a kowane layi, zurfin kamar gaɓar yatsa. A ajiye a inuwa mai ɗumi, a riƙa yayyafa ruwa yadda yashin zai zauna da laima ba tare da ya jiƙe sharkaf ba. A ƙirga a rana ta 7, da ta 14, da ta 21, a rubuta. Yawan da ya fito shi ne kason tsiro. Saurin fitowar ma yana da labarin da yake bayarwa, gama irin da ya fito gaba ɗaya cikin kwana goma ya fi ƙarfi bisa ga wanda ya yi ta fitowa ɗaya-ɗaya har mako huɗu, ko da adadinsu ya zo daidai a ƙarshe.

Game da zuba iri a ruwa a kwashe wanda ya taso, wannan dabara tana taimakawa wajen raba holoƙo da mai ƙwaya, amma ba ta raba mai rai da matacce. Mataccen iri mai nauyi zai nutse kamar ɗan'uwansa.

Ga amfanin lissafin. Kilo ɗaya na wankakken irin dogon yaro yakan ƙunshi ƙwaya kimanin 4,000. A ce ana son tsiro 10,000. In gwaji ya nuna 80 cikin 100 na fitowa, ƙwaya 12,500 ake bukata, watau kilo uku da 'yan kai. In kuwa 20 ne ke fitowa, sai an shuka 50,000, kilo goma sha biyu da rabi ke nan. Wanda bai gwada ba ya shuka ƙwaya ɗaya a kowace leda, zai wayi gari da leda 8,000 babu kome a ciki, bayan ya biya kuɗin taki da ruwa da lada.

Daga bishiya zuwa buhu

Gwaji yana faɗin halin da iri yake ciki ne, ba ya gyara shi. Gyara tun daga gindin bishiya yake farawa. Ya kamata a tsinko 'ya'yan da suka yi ruwan ɗorawa daga kan reshe, ko a shimfiɗa tabarma a girgiza, maimakon a share waɗanda suka kwana biyu a ƙasa suna shan rana da fumfuna. A cire tsokar a ranar, ta hanyar murzawa cikin ruwa, domin in aka tara 'ya'yan a buhu da tsokarsu sukan yi zafi su ruɓe. A shanya a inuwa mai iska, a baje ba a tula ba. Kada a ƙulle iri mai sauran laima cikin leda. In da hali, a shuka cikin mako biyu. Tsohon iri kuwa, fasa masa ɓawo a hankali kafin shuka yakan taimaka.

Sa'an nan a kula da iyaye. Masana irin itatuwa suna ba da shawarar a tara iri daga bishiyoyi lafiyayyu 25 ko fiye, masu nisa da juna, a haɗa. Wannan ya fi muhimmanci ga dogon yaron Afirka, wanda asalinsa daga 'yan bishiyoyi kaɗan ne da aka shigo da su, saboda haka duk dangin juna ne na kusa. Cutar da ta kama ɗaya tana iya kama dubu. An ga alamar haka a shekarun 1980 lokacin da wani ƙwaro mai maƙalewa a ganye ya addabi bishiyoyin yankin Tafkin Chadi, da kuma farkon shekarun 1990 lokacin da bishiyoyi da yawa a Nijar da arewacin Nijeriya suka riƙa zubar da ganye suna bushewa daga rassa.

Mai tara iri domin matsar mai ko haɗa maganin ƙwari shi ma wannan kulawa ta shafe shi. Zafi da laima da hasken rana suna rage ƙarfin azadiraktin. Bugu da ƙari, ƙwayar da ba ta bushe da kyau ba takan kamu da irin fumfunar nan da ke kama gyaɗa, mai haifar da dafin aflatoksin wanda ke lalata hanta. Ƙwayar da ta yi fumfuna ba ta dace da man da za a shafa a jiki ko a zuba wa waken ci ba. Ya kamata kuma iyaye mata su sani, likitoci a Malesiya da Indiya sun ba da rahoton jarirai da suka kamu da amai da farfaɗiya, waɗansu har suka rasu, bayan an ɗura musu man dogon yaro. Ba abin ba yara su sha ba ne. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, a je asibiti a gwada jini a karɓi magani.

Abin da ya rage

Nijeriya tana da Majalisar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2007 aka kuma sabunta dokarta a 2019, akasarin aikinta a kan irin amfanin gona yake. Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ƙasa da ke Ibadan tana da tashoshi a Samaru ta Zariya da kuma Kano. Tun 2015 kuma akwai hukumar da ke kula da shirin Babbar Katangar Itatuwa a jihohi 11 da ke fuskantar kwararowar hamada. Ke nan ilmin yana nan, ma'aikatan ma suna nan. Abin da ake bukata shi ne gwajin ya sauko daga ɗakin bincike ya isa kowane lambun reno na jiha da na ƙaramar hukuma.

Ya kamata ya zama doka a ma'aikatun gandun daji cewa ba za a biya kuɗin buhun irin itace ba sai da takarda a jikinsa mai nuna inda aka tsince shi, da ranar da aka tsince, da sakamakon gwaji da ranar da aka yi shi. Ga dogon yaro, sakamakon da ya wuce wata guda ya tsufa, sai a sāke. Ya kamata kuma a koya wa malaman daji da masu maganin gargajiya da ƙungiyoyin mata masu matsar mai yadda ake tsagawa da shukar gwaji. Haka nan maɗaci, wanda ake sassaƙar ɓawonsa don magani har manyan bishiyoyinsa suna ƙarewa a kusa da garuruwa, shi ma irinsa ba ya daɗewa a ajiyar gida, yana bukatar irin wannan kulawa.

Kuɗin wannan aiki bai taka kara ya karya ba: wuƙa, tasa, yashi, da littafin rubuta ƙidaya. Duk mai niyyar renon dogon yaro a bana, ya tsaga ƙwaya 50 kafin ya biya kuɗin buhu, ya kuma shuka 100 a tasa kafin ya cika leda.